Wa Ya Tsaya Wa Baƙo? Darasin Fatoma Ga Sababbin Masu Gidajen Sauka

A Abuja da Legas da Accra, har da Kano da Kaduna a 'yan shekarun nan, ba da hayar gida na 'yan kwanaki ya zama sana'ar da ake rububi. Mutum zai gyara ɗaki biyu da falo, ya zuba gado da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki hotuna ya ɗora a manhaja irin ta Airbnb, ya koma gefe yana jiran baƙi. Amma kafin baƙon farko ya sauke jakarsa akwai shawarar da ke gaban mai gida, wadda sababbin shiga kan wuce ta da latsa waya sau ɗaya. Ko dai ya yarda duk wanda ya biya kuɗi ya kama ɗakin nan take ba tare da an ji ta bakinsa ba, ko kuma ya ce sai an nemi izininsa, ya duba mai nema, ya yi masa tambaya, sannan ya amsa ko ya ba da haƙuri. Kamfanonin sun fi son hanya ta farko, kuma ita suke kwaɗaita wa mutane. Ni kuwa ina ganin bai kamata sabon mai gida ya fara da ita ba, kuma hujjata tana cikin tarihin sana'ar kanta. Saukar da baƙo don neman abinci tsohuwar sana'a ce, Hausawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin ta, kuma duk inda ta ɗore za ka tarar da abu uku a ƙarƙashinta: wanda ya tsaya wa baƙon, idon da ke kan gidan dare da rana, da wurin da ake kai ƙara idan magana ta ɓaci. Wanda bai tanadi waɗannan ba tukuna, bai kai matsayin barin ƙofarsa a buɗe ba.

Mu koma ƙarni na 19, lokacin da fataucin Gwanja ke kan ganiyarsa. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da jar fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi har ya dire a Salaga, kasuwar da goron ƙasar Asante ke fitowa. Tafiya ce ta watanni, kuma mutanen ayari ɗaya kan kai ɗaruruwa, wani lokaci su haura dubu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan hanya, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigi ya nuna. A gaban ayari akwai madugu, wanda ya san sarakunan hanya da abin da kowannensu ke karɓa kafin ya bar mutane su wuce. Abin lura shi ne irin wannan taro ba ya faɗa wa gari haka kawai. A zango yake yada kaya, madugu ya aika wa sarki gaisuwa, gari ya san su wane ne suka iso, daga ina suke, kuma wa ke magana da yawunsu. Sunayen da muka gada, irin su Zangon Daura da Zangon Kataf da unguwar Zangon Barebari a birnin Kano, da unguwannin zango da ke biranen Ghana har gobe, duk shaida ce ta cewa karɓar baƙi tana da wurinta da tsarinta, ba kowace ƙofa ake bugawa ba.

Daga zango ne farke zai wuce gidan fatomansa, wato maigidan da ke saukar da fatake. Mafi yawa ba neman masauki yake yi ba, ya riga ya san inda za shi, domin gidan da ya sauka bara nan zai sauka bana, sau da yawa ma nan mahaifinsa ya riƙa sauka. Wanda bai taɓa zuwa ba kuwa, tare da wani yake shiga zaure, a ce wannan ɗan wane ne, daga gari kaza, yaron wane. Da an faɗi haka, an ɗaura wa mai gabatarwar nauyi. Fatoma zai ba baƙon ɗaki, a fito masa da tuwo daga cikin gida, a kwance kayansa a ƙirga a gabansa a kulle a ɗakin ajiya, a ɗaure dabbobinsa, a haɗa shi da dillali, a yi masa tafinta idan bai ji yaren garin ba. In za a saya bashi, maigida ne ke cewa wannan a ba shi, wancan kada a ba shi. Ribarsa ba daga kuɗin kwana take fitowa ba, daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa take fitowa. Saboda haka amanar baƙo da amanar mai gida a ɗaure suke da juna. Idan baƙon ya cuci wani a kasuwa, zauren fatoma za a zo. Idan kayan baƙon suka yi ƙafa, sunan fatoma ne zai zube a bakin madugai, kuma ayarin baɗi zai wuce ƙofarsa.

Wannan dogaro da sunan mutumin da za a iya samu a kama hannunsa, shi ne ƙashin bayan cinikin baƙi a ƙasashe da dama. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi da aka saya a kasuwar birnin. In an kai ƙunshin Borno aka buɗe aka tarar da algus, sai a dawo da shi, dillali ya nemo mai kayan, dokar Kano ta tilasta masa mayar da kuɗi. Tun kafin wannan da kusan shekara 500, Ibn Battuta ya isa Mogadishu a wajajen 1331, ya tarar da al'adar da ke kama da tamu. Da jirgin ruwa ya tsaya, samari kan zo a ƙananan kwale-kwale da akushin abinci, kowanne ya miƙa wa ɗan kasuwa guda ya ce wannan baƙonsa ne. A gidan wannan mutum ɗan kasuwar zai sauka, shi zai sayar masa ya saya masa, kuma cinikin da aka yi da baƙon a bayan idon mai masaukinsa ba ya tabbata. Wani zai ce ai ga shi nan an karɓi baƙo nan take, tun bai taka ƙasa ba. Haka ne, amma dubi abin da ke kewaye da karɓar: dukiyar baƙon tana hannun mai gida, mai gida yana kwana a inda baƙon ke kwana, kuma hukumar gari tana bayan tsarin.

Salaga ta faɗi, amma sana'ar ba ta faɗi tare da ita ba. Bayan sojojin Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, goro ya ragu a Salaga, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa mutanenta zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a farkon shekarun 1910, sai masu masauki suka bi jirgi suka kafa gidaje a garuruwan Yarabawa. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ita ce muka fi sanin cikinta, domin Abner Cohen ya zauna ya yi nazarinta a farkon shekarun 1960. Mai shanu ya taso daga arewa da dukiyar da ba za ta daɗe a kurmi ba, saboda ƙudan tsando da cutar sammore, dole ya sayar da wuri. Mahautan Ibadan kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. Ga baƙo da bai san kowa ba, ga bashi mai yawa ba takarda ba banki. Maigida ne ya cike wannan giɓi. Shi ke saukar da mai shanu, dillalansa ke ciniki, shi ke lamunce kuɗin, in mahauci ya gaza biya shi zai biya. Yana iya ɗaukar wannan kasada ne domin yaransa suna kasuwa kullum, sun san mahaucin da bashi ya yi wa katutu da wanda ke biya a kan lokaci, kuma wanda ya ci amanar maigida ɗaya ƙofar sauran ta rufe masa. Rigima in ta taso, akwai Sarkin Sabo. Ba a kuma wayi gari mutum ya zama maigida. Yakan yi shekaru yana yaron wani, ya yi dillanci, ya san mutane su san shi, kafin ya mallaki ɗakin da zai ce wa baƙo bismilla.

Ko ginin gidan Bahaushe yana faɗin wannan magana. Baƙo namiji iyakarsa zaure, in an girmama shi a shigar da shi shigifa ko ɗakin da ke farfajiyar waje, cikin gida kuwa na iyali ne. Manyan masu masauki sukan ware wa baƙi gidaje dabam da inda matansu da 'ya'yansu suke. Addini ma ya bambanta tsakanin wuraren biyu. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28 sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sun kuma umarci wanda aka ce ya koma da ya koma. Aya ta 29 ta ɗauke wannan sharaɗi a kan gidajen da ba mazaunin kowa ba ne waɗanda mutum ke da wata buƙata a cikinsu, kuma malaman tafsiri sun kawo masaukan matafiya a cikin misalansu. Ke nan akwai gidan da haƙƙin mai shi ne ya ce a'a ba tare da an zarge shi ba, akwai kuma wanda an gina shi ne don a shiga. Muna cewa baƙonka annabinka, kuma Musulunci ya ba baƙo haƙƙin liyafa ta kwana uku, amma wannan karamci bai taɓa nufin uban gida ya daina sanin wanda ya kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Matsalar hayar 'yan kwanaki ta zamani ita ce ta cakuɗa gidajen nan biyu. Ɗakin da ke bayan gidan iyali da bene mai hawa biyar da aka gina don baƙi, duk a shafi ɗaya ake tallarsu, da maɓalli iri ɗaya.

Akwai ƙasar da ta daɗe da wajabta wa mai masauki karɓar duk wanda ya zo, kuma tarihinta ya cancanci a duba shi, domin shi ne mafi ƙarfin hujjar masu cewa a buɗe ƙofa. A dokar gargajiya ta Ingila, wanda ya kafa masaukin matafiya ba shi da ikon korar matafiyi in akwai ɗaki kuma zai iya biya. A 1835 an gurfanar da wani mai masauki a garin Chepstow, mai suna Ivens, saboda ya ƙi buɗe wa matafiyin da ya iso cikin dare, kuma kotu ta same shi da laifi. Dalilin dokar a fili yake: mutumin da dare ya yi masa a hanya ba shi da zaɓi. Sai dai dokar da ta ɗora wannan nauyi ta ba da kariya daidai da shi. Mai masauki yana da ikon riƙe kayan baƙo har sai ya biya, yana da ikon ƙin wanda ya zo a buge ko yana tayar da hankali, kuma shi da barorinsa suna cikin gidan suna ganin mai shiga da mai fita. Mai gidan da ke ba da hayar ɗaki ga wanda suka shirya da shi kuwa, wannan wajibci bai hau kansa ba. Amurka ma da ta zo kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wa otal-otal korar mutum saboda launin fatarsa, ta keɓe gidan da ɗakunan hayarsa ba su wuce biyar ba kuma mai shi yana zaune a ciki. Ana iya sukar wannan keɓewa, kuma an sha sukar ta, amma tana nuna cewa ko masu dokar sun ga bambanci tsakanin otal da gidan mutum.

Airbnb kanta daga gidan mutum ta fara. A watan Oktoba na 2007, Brian Chesky da Joe Gebbia suka shimfiɗa katifun iska a gidan da suke haya a San Francisco, suka saukar da mutum uku da suka zo wani taro suka rasa otal. A 2008 abin ya zama kamfani, tare da Nathan Blecharczyk. A farkon tafiyar, tsarin ya yi kama da na zaure: baƙo ya rubuto ya gabatar da kansa, mai gida ya karanta ya amsa, sau da yawa kuma su kwana a gida ɗaya. Da harkar ta girma, masu gida suka fara miƙa makulli suna tafiya, sai ɓarakar ta fito. A 2011 wata mata a San Francisco ta dawo daga tafiya ta tarar baƙon da ta ba gidanta ya yi masa kaca-kaca ya kwashe kayanta, labarin ya bazu, kamfanin ya sha suka. A shekarar ya yi alkawarin biyan masu gida asarar da ta kai dala 50,000, a 2012 ya ɗaga zuwa dala miliyan 1. Wato kamfanin ya gano da kansa abin da masu gidan Sabo suka daɗe da sani, cewa ba a haɗa baƙo da baƙo sai wani ya ce in ta ɓaci ni zan biya. A kan wannan lamuni ne aka samu ƙarfin halin faɗaɗa tsarin kama ɗaki nan take, domin matafiyi ya saba da otal, ba ya son ya aika roƙo ya zauna jira.

Suka mafi nauyi a kan ra'ayina ita ce ta wariya, kuma ba a kawar da ita da baki. A 2015 wasu masana uku na Jami'ar Harvard, Benjamin Edelman da Michael Luca da Dan Svirsky, sun aika wa masu gidaje saƙon neman ɗaki kusan 6,400 a birane biyar na Amurka, saƙonni iri ɗaya, sunaye kawai suka bambanta. Masu sunayen da aka san baƙaƙen fata da su sun samu karɓuwa ƙasa da takwarorinsu da kashi 16 cikin 100. Bayan hayaniyar da ta biyo baya, kamfanin ya fitar da rahoto a watan Satumba na 2016, kuma cikin matakan da ya ɗauka akwai kai gidajen da ake kamawa nan take zuwa miliyan 1. A 2018 ya daina nuna wa mai gida hoton baƙo sai bayan an kammala kama ɗaki. Duk wanda sunansa Muhammadu ko Hauwa'u, ya taɓa neman masauki a inda ake yi wa irin sunansa kallon tsoro, ya san wannan ciwo ba ƙirƙira ba ce. Ikon cewa a'a yana iya zama mafakar son zuciya. Amma maganin wannan shi ne a gyara abin da ake tambaya. Fatoma ya saukar da Buzu da Babarbare da Balarabe da Bayarabe, abin da ya nema daga kowannensu ɗaya ne: me ya kawo ka, kwana nawa za ka yi, wa ya san ka. Sabon mai gida ya rubuta sharuɗɗansa tun kafin kowa ya nema, mutum nawa gidan ke ɗauka, ba taro ba kiɗa, wanda ya kama ɗakin shi zai kwana a ciki, ya kuma ɗaure kansa da cewa duk wanda ya cika su an karɓe shi, ko wane ne ubansa, ko wace alƙibla yake kallo. Wanda ya ƙi mutum saboda sunansa ya yi zalunci, kuma laifin yana wuyansa ko da wane tsari yake aiki.

Suka ta biyu ta aljihu ce. Gidan da ake kamawa nan take yakan fito gaba a jerin bincike, matafiya da yawa kan tace jerin su bar irinsa kawai, kuma sabon gida da ba wanda ya taɓa yi masa shaida yana buƙatar baƙi da gaggawa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ake mantawa shi ne neman izini yana kare baƙo daga mai gidan da bai shirya ba, kamar yadda yake kare mai gida daga baƙo. A ce mutum ya kama ɗaki da ƙarfe tara na dare yana filin jirgi, mai gida yana barci bai ga saƙo ba. Ƙarfe ɗaya baƙo ya iso da iyalinsa, maigadi ya ce ba a faɗa masa ba, makulli yana hannun mai shara a wata unguwa, an ɗauke wuta, janareta ba mai, tankin ruwa a bushe, zanen gadon wanda ya tashi da safe yana nan ba a cire ba. Wannan baƙo zai rubuta abin da ya gani, kuma gidan da shaidarsa ba ta wuce biyu ko uku ba, mummuna guda ta isa ta durƙusar da shi. In kuma mai gida ya ga ba zai iya ba ya soke, kamfanin yana cin tararsa, ya toshe masa waɗannan ranaku, ya rage masa daraja. Airbnb tana ba mai gida awa 24 ya amsa roƙo, amma wanda ke amsawa cikin 'yan mintoci, baƙi kaɗan ne za su kuɓuce masa. Asarar baƙo ɗaya ko biyu a watannin farko ba ta kai asarar suna ba, kuma a wannan sana'a, jiya da yau, suna shi ne jari.

Suka ta uku ita ce kamfanin ya riga ya zama fatoma: yana duba katin shaida, yana tara shaidar masu gida a kan kowane baƙo, yana riƙe kuɗi, yana biyan ɓarna. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ya sa ba na cewa tsarin nan take haramun ne har abada. Amma lamunin kamfani yana da iyaka. Farken da ya ci amana a Salaga ba shi da inda zai sake sabon suna, domin madugu ɗaya ne, hanya ɗaya ce, danginsa ma za su sha kunyar. A manhaja kuwa mutum na iya zuwa da sabuwar rajista da ba ta da tarihi, ko ya kama ɗaki da sunansa wasu su kwana. Kamfanin yana iya biyan kuɗin talabijin da aka fasa bayan an cike takardu, amma ba ya nan da tsakar dare, ba ya kuma iya mayar wa mutum mutuncinsa a idon maƙwabta. A daren 31 ga Oktoba 2019, a garin Orinda na jihar Kalifoniya, mutum fiye da 100 suka taru a wani gidan da aka kama ta Airbnb don shagali, aka yi harbe-harbe, mutum biyar suka mutu. Rahotanni sun ce wadda ta kama gidan ta faɗa wa mai shi cewa 'yan uwanta ne kaɗan za su sauka. Wannan ya nuna tambaya kaɗai ba ta kama maƙaryaci, sai an haɗa da ido a wurin. Kamfanin ya hana taron shagali a duk gidajensa a 2020, ya mayar da hanin na dindindin a 2022, amma doka a rubuce ba ta tsayawa a bakin ƙofa ta ƙirga masu shiga.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce yaushe, kuma a wane gida. Wanda ɗakin hayarsa ke cikin gidan da iyalinsa suke, suna haɗa ƙofa ko tsakar gida da baƙo, ya riƙe izininsa a hannunsa muddin yana sana'ar, ba wanda zai ga laifinsa. Wanda gidansa ke ware, ya fara da neman izini har sai abubuwan nan uku sun tsaya da ƙafarsu. Ya samu mutum amintacce da ke kusa da gidan, mai riƙe makulli, wanda zai tarbi baƙo ya ga fuskarsa ya gwada ta da katin shaida, ya san adadin waɗanda suka shiga. Ya san gidansa ciki da waje: awa nawa gyara ke ɗauka tsakanin baƙo da baƙo, me ke lalacewa, wa ake kira in famfo ya tsaya. Ya sanar da maƙwabta da mai unguwa ko shugabannin rukunin gidajen abin da yake yi, ya karanta sharuɗɗan biyan ɓarna na kamfanin ya san abin da suka ɗauka da abin da suka bari. In ya kai nan, ya buɗe tsarin nan take, ya fara da baƙin da wasu masu gida suka riga suka yi wa kyakkyawar shaida, domin manhajar tana ba da damar sa wannan sharaɗi. A lokacin ne buɗe ƙofa zai zama alheri ga kowa, matafiyi ya huta da jira, wanda ake ƙi saboda sunansa ya samu shiga ba tare da roƙo ba, mai gida kuma ya samu ciniki.

Abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne nauyin baƙo bai taɓa sauka daga kan mai masauki ba, ko ayari ne ya kawo shi, ko jirgin ƙasa, ko waya. Kamfani na iya kawo mutum har ƙofa, amma lafiyar wanda ya kwana a ɗakin, da barcin maƙwabcin da ke bayan katanga, da abin da za a aikata a cikin gidan, duk mai gida za a tambaya, a gaban hukuma da kuma gaban Allah. Watannin da sabon mai gida zai yi yana karanta roƙo ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya yana amsawa da hannunsa, su ne makarantarsa, a nan zai koyi irin mutanen da gidansa ke jawowa da irin alkawarin da zai iya cikawa. Ya yi wannan karatu da adalci ga kowane mai nema, sannan ya miƙa wa na'ura abin da ya riga ya iya.